Cukun da Babu Wanda Ya Ɗanɗana

Sana'ata girki ce. Duk wanda ya ci shinkafar biki ko ta suna a Gangaren Tudu cikin 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa cin ta hannuna ba. Tukunya ba ta sauka daga murhu sai na ɗiga miyarta a tafin hannu na lasa, kuma in gishiri ya zarce ko da kaɗan ne, harshena zai faɗa mini. To ni ɗin nan ce na yi mako biyar ina ɗura wa mahaifina gishiri da hannuna, safe da rana da yamma, bayan likita ya kalli tsabar idona ya ce a raba shi da gishiri. Ban sani ba, kuma rashin sanin bai rage mini komai a baƙin ciki ba. Ina rubuta wannan ne don masu jinyar tsofaffi, kuma zan faɗi laifin kowa, har da nawa.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya yana zaune a gidanmu na gado a Liman Abaji. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, mu biyu ta bari, ni da wana Yaya Auwal da ke aiki a Abuja. Hawan jini ya jima a jikin Baba, amma shi da magani sai ranar da kai ya sara masa. Farkon daminar bana na je gaishe shi bayan azahar, na tarar da shi a zaure ya jingina da bango yana haki. Wai hutawa yake, daga masallaci ya dawo. Masallacin da in ka tsaya a ƙofar gida kana jin tarin liman. Na dubi ƙafarsa, igiyar silifa ta nutse cikin nama. Na danna ƙaurinsa da yatsa, ramin ya tsaya bai taso ba.

Washegari muka yi sammako zuwa asibiti, amma muka tarar layin kati ya riga ya kai ƙarshen baranda. Baba a kan benci, ni ina yawo da fayil daga wannan taga zuwa waccan, kowace da nata layin da mai ɗaure fuskarta. Sai bayan azahar muka ga likita. Yana ɗora abin sauraro a ƙirjin Baba ya ce gado. Kwana tara muka yi. Bayanin da ya yi mini shi ne zuciyar Baba ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da ƙirji. Aka yi ta ba shi maganin fitsari har kumburin ya sauka. Ranar sallama ya zaunar da ni ya faɗi maganar da har yau take kunnena.

"Gishiri ruwa yake ja. Duk inda ya shiga a jikinsa ruwa zai bi shi ya zauna, kuma wannan zuciyar ba za ta iya ɗaukar wani ruwan ba."

Ya ce babu gishiri, babu dunƙule, babu kanwa, babu kilishi ko kifin gwangwani. Sannan da yake Baba ya rame har wuya ya fito, ya ce a dage da abinci mai gina jiki, su ƙwai, wake, ɗanyen kifi, nono da awara. Wannan likitan Allah Ya saka masa da alheri, ya yi nasa.

Maigidana ya ce in tattara in koma Liman Abaji har Baba ya miƙe. Na mayar da aikin biki biyu da na karɓa, na sayi sabuwar 'yar tukunya wadda gishiri bai taɓa shiga ba. Duk dabarar da na koya a girki na zuba ta a tukunyar nan: tafarnuwa, citta, soyayyar albasa, lemun tsami a kan kifi, daddawar da na tsare mai yin ta sai da ta rantse ba ta sa gishiri. Ranar kasuwa in tare wata Bafulatana mai kawo awarar nono, fara mai laushi, in sa masa a miyar alayyafo. Baba ya yi loma uku ya ture kwano. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa kowa a gida Ummi yake ce mini, shi kuma Uwata. Sai ya ce, Uwata, wannan abinci ne ko horo? In ce horo ne, kuma sai an cinye. Muna faɗa muna dariya, amma aiki yana kyau. A mako na biyu ƙafa ta koma daidai, awon jini ya sauko, Baba ya je masallaci ya dawo bai zauna a zaure ba.

Asabar ɗin mako na uku Yaya Auwal ya zo. Duk kwana taran asibiti waya kawai yake bugowa, wai aiki ya riƙe shi. Ya shigo da kula cike da ƙanƙara, ya buɗe ta a gaban Baba kamar mai buɗe lefe. Ciki wani abu ne rawaya dunƙule-dunƙule a leda mai sheƙi. Ya ce cuku ne na Turawa, ceda sunansa, daga wani babban kanti ya sayo. Kala uku ne, ɗaya da jan barkono a jikinsa, ɗaya na albasa da tafarnuwa, ɗaya yana ƙanshin hayaƙi irin na kifin banda. Ya leƙa kwanon awarata ya yamutsa fuska, wai wa ya san irin ruwan da suke wanke ƙwarya da shi. Sannan ya ɗaga leda yana karanto mana abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba: zallar madarar shanu, furotin mai gina jiki, kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

Allah shaida na tambaye shi. Na ce, "Yaya, babu gishiri a ciki?"

Ya yi dariya. "Madara ce fa, Ummi. Wa ya taɓa sa gishiri a madara? Ke dai shinkafar biki kika sani, ki bar mana wannan."

Maganar ta yi mini zafi amma na haɗiye, domin a raina na ga kamar gaskiya ce. Awarar Fulani da na sani ai babu gishiri, wannan kuwa an ce 'yar'uwarta ce da ta yi boko.

Yanzu duk wanda na ba labari tambaya ɗaya yake yi: ke mai girki, ba ki ɗanɗana ba? Ban ɗanɗana ba. A danginmu, abin da aka kawo wa mara lafiya na dubiya, mai lafiya ba ya kai shi baki. Muna yara mun sha ganin ayaba ta yi baƙi a gefen gadon Kaka, ƙuda na bi, babu mai taɓawa. Akwai matar wani kawunmu da aka taɓa gani tana shan madarar gwangwanin da aka kawo wa surukarta. Matar nan yanzu da jikokinta, amma har gobe in sunanta ya faɗo a taro sai wata ta ce, au, mai shan madara. Mai jinya ta fi kowa tsoron wannan suna, domin ita ke kaɗaicewa da kayan. Ga kuma tsada, ƙulli ɗaya kuɗin kaza ne. Saboda haka ko ɓurɓushin da ya maƙale a wuƙa, a kan burodin Baba nake kankare shi in je in wanke hannu. Shi kansa Yaya bai taɓa ci ba, madara tana ɓata masa ciki.

Baba ya ci yankan farko a gaban ɗansa. Ya tauna a hankali, ya lumshe ido, ya miƙo hannu a ƙara. Rabon da in ga ya nemi ƙari tun kafin asibiti. Na ce a raina barkonon ne ya buɗe masa baki. Wallahi har ƙwalla na yi don murna, kuma da Yaya zai tafi na raka shi har mota ina zuba godiya kamar wadda aka biya wa Makka.

Daga nan na zage. In yanka masa a burodi da safe, in gurza a kan ƙwai, in barbaɗa a faten dankali. Ba a tukunya nake sawa ba, a kwanonsa ne bayan na zuba, kada ko ɗis ya tafi a banza. Kwano ya riƙa dawowa a suɗe. Wuta ba ta zama a unguwarmu, sai na roƙi maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta ba ni gefe a firizarta, ina zuwa ɗauka ko ana ruwa. Da farko yanki kamar kwalin ashana nake ba shi. Kafin kwana goma, ƙulli ɗaya kwana biyu yake yi. Yaya kuma bai gaza ba, duk mako sai ya ba direban tasha saƙo in je in karɓo.

Mako na huɗu ban ga komai ba sai ƙishirwa, na ce zafi ne. Mako na biyar silifa ta fara matse shi. Da safe in shiga gyaran ɗaki sai in ga ya tara filo uku, wai in ya miƙe sosai tari ke taso masa. Masallaci ya koma sai da hutu a zaure, daga baya ya daina fita.

Muka koma asibiti. Wani likita muka samu daban, matashi, baranda cike da masu jiransa. Ya danna ƙafa, ya duba fayil, ya tambaye ni ko ina sa gishiri ko dunƙule a girki. Na rantse masa ba na sawa, kuma gaskiya na faɗa. Bai bi abin da Baba ke ci ɗaya bayan ɗaya ba, ni ma ban kawo zancen cukun ba, domin a kaina yana sahun magani ne. Ya ƙara ƙwayar fitsari ya ce mu dawo bayan mako biyu.

A makon ne Gwaggo ta sauka daga Panda. Yayar Baba ce, ta haura saba'in amma bakinta bai tsufa ba. Ta zo da jarkar jiƙo da hukuncinta a shirye tun daga mota: ko dai an yi wa ƙaninta sammu, ko ni ce ke sa gishiri a ɓoye, domin hannun mai girkin biki ya saba, ba ya wuce tukunya bai barbaɗa ba. Ta kwashe gishirin gidan kaf ta kulle a akwatinta, duk muka koma cin lami. Ta kafa kujera a ƙofar kicin. Kowace miya na sauke sai ta sa yatsa ta lasa kafin a kai wa Baba. Kunu ta ɗanɗana, wake ta ɗanɗana, har ruwan shayi. Ni da ake rububin ɗauka aiki, aka mai da ni abin gadi a gidan ubana.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, tana gama lasa ta ce to, babu, sai in ɗauko cuku in gurza a kan abincin a gabanta, tana kallo tana sa wa Auwalu albarka. Wai ɗan halak, wanda ya san darajar uba. Shi kam cukun ba ta taɓa kai shi baki ba, ai kayan dubiya ne.

Jiƙon nata na shinshina na ji kanwa, na ce Baba ba zai sha ba. Ta bi dangi da waya cewa na hana ƙaninta magani. Yaya ya kira ni da muryar ofis, yana tambayar me nake ba Baba da jiki ke komawa baya. Ya ce tunda ƙarfi na raguwa, a ƙara masa cukun. Na ƙara. Ina jin haushinsa, ina hawaye a kicin, ina yanka ƙaton yanki.

Ranar Talatar mako na takwas Baba ya zauna alwalar azahar, ya kasa gama wanke fuska. Buta ta suɓuce daga hannunsa. Numfashi yana fita da gurnani, leɓensa ya canza launi. Na fita titi ko mayafi babu. Wani mai keke da ban sani ba ya sauke fasinjojinsa, ya shigo har tsakar gida ya cicciɓi Baba a hannu. Ban tambayi sunansa ba, amma kullum yana cikin addu'ata. A asibiti aka sa masa iskar oksijin, aka yi ta allura. Ma'aikatan ranar sun yi gudu a kansa, ba zan ci haƙƙinsu ba.

Kwana biyu bai ci komai ba. A rana ta uku ya ɗan farfaɗo ya ce yana jin yunwa, na sa maigidana ya biya ya ɗauko mini cukun. Ina zaune a gefen gado ina yankawa a kan burodi sai wata nas ta zo awon jini. Babbar mace ce 'yar wajen Akwanga, kowa Sista yake ce mata. Ta tsaya ta dubi hannuna ta tambayi mene ne. Na faɗa mata da alfahari, har da furotin da kalsiyam yadda na haddace. Ta karɓi ledar ta juya bayanta, ta kai kusa da ido. Ta tambayi tun yaushe yake ci, kuma yaya yawansa a rana. Da na faɗa mata sai ta ajiye abin awon, ta karɓi wuƙar ta yanki ɗan guntu ta miƙo mini.

"Ci."

Na ce mata na mara lafiya ne, mu ba ma ci.

"Madam, ni na sa ki. Ki ci a gabana."

Na sa a baki. Barkono ne ya fara zuwa, maiƙo ya lulluɓe harshe, sai gishiri ya taso daga ƙasa, mai nauyi, irin wanda in na ji shi a miyar biki zan juye tukunyar in ɗora sabuwa. Ban iya haɗiyewa ba. Na fita bakin famfo na tofar, na tsuguna a wurin, mata masu wankin kwano suna ta ba ni haƙuri, sun ɗauka rasuwa aka yi mini. Lasa ɗaya harshena yake buƙata, na hana shi har mako biyar don kada a ce na ci kayan dubiya.

Likitan farko ne ya zo zagaye da yamma, Sista ta nuna masa ledar. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce abin ba guba ba ne, ba jabu ba ne. Abin da aka rubuta a gaba gaskiya ne, yana gina jiki, yana da amfani ga ƙashi, mai lafiya zai ci siririn yanki ya wuce abinsa. Amma da gishiri ake yin sa tun asali don ya daɗe bai lalace ba, ga kitse, kuma irin waɗanda aka ƙara wa barkono ko albasa ko hayaƙi, ƙanshin yana rufe gishirin. Ya nuna mini wani ɗan akwati a bayan ledar mai ƙananan rubutu, ya ɗora farce a kan kalma ɗaya, sodiyam. Ya ce nan ake duba gishiri a duk abincin leda. Ya ƙara da cewa ba zai ɗora wa cukun komai da komai ba, zuciyar dama ta gaji, amma mako biyar magani yana fitar da ruwa mu muna mayarwa, kuma yanzu ƙoda ma ta fara gazawa.

Na fita baranda na kira Yaya na faɗa masa komai. Sai ya ce, "To ke da kike wurin, ba ki ɗanɗana ba?" Na tuna masa na tambaye shi a gaban Baba, da amsar da ya ba ni. Wai bai tuna ba. Wai shi alheri ya yi niyya, kuma ai ni ce mai girki. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai raba zumunci. Gwaggo kuwa cewa ta yi likitoci in sun kasa sai sun nemi abin laƙa wa laifi, kuma kada in kuskura in ɓata sunan yaro a dangi.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, Gwaggo ta tafi salla muka rage ni da Baba. Tambayar ta daɗe tana cina, na kasa riƙe ta.

"Baba, kai ba ka ji gishiri a ciki ba?"

Ya kalli silin. "Na ji. Tun lomar farko."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce to me ya sa bai faɗa ba, yana kallona ina wahala da tukunya, yana ji Gwaggo na kirana maƙaryaciya a gidansa. Na ɗaga wa ubana murya a gadon asibiti har mai jinyar gado na gaba ta juyo. Ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Ya bari sai da na gama.

"Uwata, kusan wata guda bakina bai ji daɗin komai ba. Na ce ɗan kaɗan ba zai yi illa ba." Ya huta ya ja numfashi. "Kuma Auwalu, rabon da ya zauna kusa da ni yana kallon ina cin abin hannunsa tun yana sabon ɗaukar albashi. In na ce da gishiri, ke za ki hana, shi kuma ya ji kunya ya daina aikowa."

Ya lalubo hannuna ya riƙe, nasa duk a kumbure. Ya ce in yafe masa shirun da ya yi ana zargina a kan idonsa, sannan ya roƙe ni abu ɗaya, kada in kunyata wana a gaban mutane. Na ce to. Na yafe masa a take, amma haushin bai tafi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya tafi ba.

Washegari Lahadi da hantsi Baba ya cika. Yaya yana hanya, ya iso an riga an lulluɓe shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da wannan, amma na kuma san abin da na yanka da wuƙata.

Ranar sadakar uku gida ya cika da mata. Gwaggo tana tsakiyar tabarma tana ba da labarin jinya, kuma a labarinta babu 'yar tukunya, babu layin asibiti, Auwalu ne kawai. Yadda bai bar ubansa ya nemi komai ba, har abincin Turawa yake aiko masa daga Abuja duk mako a cikin ƙanƙara, Malam ya ci ya suɗe kwano. Mata suna ta Allah Ya yi albarka. Na ciji leɓe na yi shiru, domin na ce wa Baba to.

Sai wata mata daga layin bayanmu, Maman Sadiya, ta ce don Allah mene ne sunan abin. Tsohuwarta ma hawan jini ne ya kwantar da ita, ƙafa a kumbure, ta daina cin abinci, za ta sa ƙaninta da ke Mararaba ya nemo. Gwaggo ta ce ai ba sai an je ko'ina ba, akwai ƙulli biyu da suka rage a firizar maƙwabta.

"Ummi, tashi ki ɗauko mata. Sadaka ce, Allah Ya kai ladan ga Malam."

Na tashi, amma ban nufi ƙofa ba. Na tsaya a tsakiyar mata na ce ba zan ɗauko ba. Na ce gishiri ne cike da shi, na ɗanɗana da bakina, likita ya nuna mini a rubuce. Na ce shi Baba ya yi mako biyar yana ci ruwa na cika masa ƙirji. Yaya ya sayo bai duba bayan leda ba, ni na yanka, Gwaggo ta lashi kowace miya ta tsallake shi. Na ce wa Maman Sadiya duk abin da za ta kai bakin tsohuwarta, ko daga ina aka kawo shi, ta fara kai shi nata bakin, in na leda ne ta kai wa ma'aikatan asibiti su karanta mata bayansa, dangi su kira ta duk sunan da suka ga dama. Maza suna zaure, kuma tsakanin zaure da tsakar gidanmu labule ne kawai. Yaya ya ji komai.

Bai shigo ya yi mini sallama ba da zai koma. Gwaggo ta tattara ta tafi Panda washegari, har yau ba ta ɗaga wayata. A dangi, masu cewa na yi rashin kunya a zaman makoki sun fi yawa. Tsohuwar Maman Sadiya tana nan da ranta, jiya ma na hango ta a ƙofar gida tana shan hantsi.

Abu ɗaya Baba ya roƙe ni yana riƙe da hannuna, na ce masa to, kuma ban cika mako guda ba na saɓa. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Ina roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya sa shi ma ya yafe mini. Amma da za a mayar da ni tsakar gidan nan a sake cewa in tashi in ɗauko, wallahi abin da na faɗa shi zan sake faɗa.